Kafireto: Ƙaramar na'urar da ta ba direba iko a kan injin mota

Daga motar da Karl Benz ya yi wa rajista a Jamus a 1886 zuwa farkon shekarun 1990, da wuya a ɗaga bonet ɗin motar fetur ba a tarar da kafireto ba. Aikinsa shi ne ya auna iska, ya auna mai, ya gauraya su kafin su shiga cikin inji.

Sauƙin faɗar wannan aiki ya fi sauƙin yinsa. Injiniyoyin Jamus da Faransa da Ingila da Amurka sun shafe shekaru fiye da 40 suna sauya fasalin na'urar, kuma kowane gyara da suka yi ya bayyana a gudun mota da ƙarfinta da yawan man da take sha. Tarihin kafireto na daga cikin abubuwan da ke bayyana yadda mota ta tashi daga abin kallo mai tafiyar kilomita 16 a sa'a ta zama abin hawan da ake dogaro da shi.

Ko da yake sababbin motoci sun bar shi, har gobe shi ne ke ciyar da injinan babura da ƙananan janaretoci da injinan niƙa da na ban-ruwa a ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya.

Abin da inji yake ci

Fetur ba ya ƙonewa yana ruwansa. Abin da ke kama wuta shi ne tururinsa bayan ya gauraya da iska, kuma ko tururin yana da sharaɗi. Dole ya kasance tsakanin kimanin kashi 1.4 da kashi 7.6 cikin 100 na gaurayen. In ya gaza haka, tartsatsin fulogi ba zai tayar da wuta ba. In ya zarce, iskar da ke wurin ba za ta isa ta ciyar da wutar ba.

Binciken kimiyyar sinadarai ya nuna cewa kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus, yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Idan aka mayar da lissafin zuwa lita, kowace lita ɗaya ta fetur tana neman iskar da ta kai lita 9,000. Ke nan iska ce mafi yawan abin da inji ke haɗiya, nesa ba kusa ba.

A injin da ya fi yawa a motoci, fistan yana yin motsi huɗu a cikin silinda. Yana sauka ya shaƙo gaurayen iska da mai, ya hau ya matse shi, fulogi ya kunna shi ya fashe ya tura fistan ƙasa, sannan fistan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ƙarfin inji gaba ɗaya daga wannan fashewar yake fitowa, kuma kyawunta ya dogara ne ga gaurayen da aka shaƙo tun farko.

Idan mai ya yi yawa, inji kan yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi datti, man da bai ƙone ba ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, kuɗi kuma su fita ta salansa. Idan iska ce ta yi yawa, inji kan rasa ƙarfi, ya yi ta tari, ya ɗauki zafin da zai iya ƙona bawul.

Wahalar ita ce buƙatar inji ba ta tsayawa wuri ɗaya. Lokacin da ake neman iyakar ƙarfinsa, kamar a hawan tudu, ya fi son gauraye mai ɗan nauyi, wajen kilo 12 zuwa 13 na iska ga kilo ɗaya na mai. A tafiyar sannu kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, kilo 15 zuwa 16 sun fi tsimin mai. Da sanyin safiya kuwa, sai an ƙara mai sosai kafin ya tashi, domin kaɗan ne daga cikinsa ke zama tururi. Duk wanda ya ƙera kafireto, wannan ma'auni mai motsi yake ƙoƙarin kamawa.

Zamanin tukunyar fetur

Injin da Nikolaus Otto ya kammala a 1876 a Deutz, kusa da birnin Kolon na Jamus, da gas ɗin kwal yake aiki, irin wanda ake turawa ta bututu don kunna fitilun birane. Gauraya gas da iska abu ne mai sauƙi, amma injin yana ɗaure ne da bututun gari. Wanda ke son injin ya yi tafiya a kan hanya, tilas ya ɗauki makamashinsa tare da shi, kuma mai na ruwa ne ya fi sauƙin ɗauka.

Dabarar farko da ta yi aiki ita ce ta barin mai ya zama tururi da kansa. Ana zuba fetur a cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe, a sa iskar da inji ke shaƙa ta bi ta samansa ko ta ratsa cikinsa, ta kwashi tururi. Da yake abin da ke fitowa ya kan yi nauyi da yawa, sai a ƙara masa iska ta wata kafa ta biyu, wadda direba ke buɗewa yana rufewa da hannu. Wasu maƙera sukan bi da zafin salansa ta ƙarƙashin tukunyar don mai ya yi saurin tashi.

Irin wannan kafireto Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka sa a ƙaramin injinsu na 1885 a Cannstatt, kuma irinsa ne a motar Benz mai ƙafa uku, wadda ya nemi rajistar ƙirƙirarta ranar 29 ga Janairun 1886. Injin motar silinda ɗaya gare shi, ƙarfinsa bai kai na doki ɗaya ba, kuma juyinsa wajen 400 ne a minti.

A watan Agustan 1888 matarsa, Bertha Benz, ta ɗauki 'ya'yansu maza biyu ta tuƙa ɗaya daga cikin motocin daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar da ta haura kilomita 100. Motar ba ta da tanki na dabam, man da tukunyar kafireto ta ɗauka shi ne guzurinta, kimanin lita huɗu da rabi. Da ya ƙare, sai ta tsaya a wani kantin magani a garin Wiesloch ta sayi ligroin, wani mai marar nauyi da ake sayarwa don cire datti a tufafi. Da hanyar mai ta toshe kuma, da tsinken hularta ta buɗe ta.

Wannan tafiya ta nuna mota za ta iya yin nisa, amma tukunyar fetur tana da aibobin da suka daɗe suna damun masu motocin farko.

Na farko, fetur haɗakar sinadarai ne masu nauyi daban-daban. Marasa nauyin su ke fara tashi, su bar masu nauyi a ƙasan tukunya. Motar da ta fito gida da ƙarfinta sai ta riƙa yin sanyi a hanya, har ta kai direba ya zubar da ragowar man ya zuba sabo. Saboda haka ne matuƙan wancan zamani sukan yi yawo da ɗan ma'aunin gilashi don gwada nauyin fetur kafin su saya.

Na biyu, yawan tururin ya dogara ga yanayi. Ranar zafi mai kan tashi da yawa, ranar sanyi ya ƙi tashi. Shi kansa tashin tururin yana sanyaya man da ya rage, sai abin ya ƙara ja baya. Gargadar hanya ma tana kaɗa man ta sauya gaurayen, don haka hannun direba ba ya nisa da mariƙin ƙara iska.

Na uku, akwai haɗarin gobara. Idan wuta ta dawo baya daga silinda, tukunya ce cike da tururi a gabanta, shi ya sa ake gitta ragar waya a tsakani don ta tare harshen wutar.

Na huɗu shi ne batun girma. Tukunyar tana isar ƙaramin inji, kuma kekunan De Dion-Bouton masu ƙafa uku na Faransa sun yi suna da ita a ƙarshen ƙarni na 19. Amma injin da ya ninka wannan sau goma zai buƙaci faɗin mai da zai cinye wurin zama. Muddin da tukunya ake ciyar da inji, ƙarfinsa yana da iyaka.

An gwada wasu hanyoyi. Siegfried Marcus na birnin Vienna ya yi amfani da buroshi mai juyawa, wanda ke tsoma kansa a mai yana watsa shi cikin iska. Frederick Lanchester na Birmingham a Ingila ya sa lagwani, kamar na fitila, yana tsotso mai iska na bi ta jikinsa. Dabarar Lanchester ba ta toshewa da datti, kuma motocinsa sun riƙe ta shekaru masu yawa, sai dai sauran kamfanoni ba su bi sahunsa ba.

Shekarar 1893 da zuwan feshi

Mafitar da ta ɗore ta fito ne daga wata ƙa'ida da aka sani tun kafin a yi mota. Daniel Bernoulli ya bayyana a 1738 cewa idan gudun ruwa ko iska ya ƙaru, ƙarfin dannawarsa yakan ragu. Giovanni Battista Venturi na Italiya ya nuna a 1797 yadda hakan ke faruwa a bututun da aka tsuke tsakiyarsa. Duk wanda ya taɓa amfani da tsohon famfon feshin maganin sauro ya ga ƙa'idar da idonsa: iskar da ke wucewa da gudu ta bakin siririn bututu ita ke zuƙo ruwan maganin ta watsa shi.

A 1893 Maybach ya fito da kafireton feshi. A watan Fabrairun shekarar, injiniyoyi biyu na ƙasar Hungari, Donát Bánki da János Csonka, su ma suka nemi rajistar irin wannan na'ura don injinan da ake girkewa wuri ɗaya. A Ingila kuma Edward Butler ya riga ya yi amfani da feshi a kekensa mai inji tun shekarun 1880, kuma da aka je kotu a Birtaniya kan haƙƙin ƙirƙirar, aikinsa ne ya sa iƙirarin masu riƙe da rajistar Maybach ya faɗi. Amma na Maybach ne ya bazu, domin injinan Daimler ne ke cikin manyan motocin Jamus da Faransa na lokacin.

Na'urar ta ƙunshi sassa biyu. Ɗaya ƙaramin ƙoƙo ne da mai ke shiga daga tanki. A cikinsa akwai ɗan gwangwani marar nauyi da ke iyo a kan man, haɗe da allura. Idan mai ya kai iyakarsa, gwangwanin ya taso, allurar ta toshe ƙofar shigowa. In ya ragu, ta buɗe. Haka ƙwallon da ke tsayar da ruwa a tankin gida yake aiki. Da wannan dabara tsayin mai a ƙoƙon ba ya sauyawa, ko tanki a cike yake ko ya kusa ƙarewa.

Ɗaya sashen siririn bututu ne mai ƙaramin rami, wanda makanikai ke kira jet. Bakinsa yana tsaye a tsakiyar hanyar iska, a daidai inda aka tsuke ta kamar maƙogwaro. Duk sa'ad da fistan ya sauka ya shaƙi iska, gudunta a maƙogwaron kan zuƙo mai daga jet ya tarwatsa shi ya zama ƙananan ɗigo, waɗanda ke zama tururi a hanyarsu ta zuwa silinda.

Wannan ya warware matsaloli da yawa a lokaci guda. Man da ke fita ta jet cikakke ne, mai nauyi da marar nauyi tare, don haka ba a barin ragowa. Yawan man da ke fita yana bin yawan iskar da ke shiga. Na'urar ƙarama ce, kuma man da ke cikinta kaɗan ne, haɗarin gobara ya ragu. Sannan idan an ƙara girman inji, faɗaɗa maƙogwaro da ramin jet kawai ake buƙata.

Ba a jima ba aka ga sakamako a kan hanya. A watan Yunin 1895 Émile Levassor ya tuƙa motar Panhard et Levassor mai sabon injin Daimler samfurin Phénix, mai silinda biyu da ƙarfin doki huɗu, a tseren Paris zuwa Bordeaux da dawowa. Ya yi tafiyar kilomita 1,178 cikin kusan sa'o'i 49, ya riga kowa isowa.

Totur ya shiga hannun direba

Injinan farko kusan gudu ɗaya suke yi. A yawancinsu akwai wata na'ura da ake kira gwamna, wadda ke hana wasu fashewa idan juyin inji ya wuce ƙima, ta sake shi idan ya sauko. Direban da ke son ƙara gudu ko ragewa sai dai ya sauya giya. Dalilin haka shi ne gaurayen da aka saita don wani gudu yakan lalace da zarar gudun ya sauya.

Kafireton feshi ya buɗe ƙofar sarrafa inji ta hanyar rage ko ƙara abin da yake shaƙa. Aka sa wani ɗan faifan ƙarfe mai juyawa a hanyar iska, tsakanin maƙogwaro da inji. In an karkata shi ya buɗe hanya, inji ya shaƙi gauraye da yawa ya ƙara ƙarfi. In an mayar da shi, ya lafa. Wannan shi ne totur. Abin da ƙafar direba ke buɗewa kai-tsaye iska ce, mai kuma ya biyo ta.

Motar da ta fi nuna amfanin wannan sauyi ita ce Mercedes mai ƙarfin doki 35, wadda Maybach ya tsara bisa buƙatar ɗan kasuwa Emil Jellinek, ta kuma mamaye tseren makon birnin Nice na Faransa a watan Maris na 1901. Injinta silinda huɗu ne, girmansa lita 5.9, yana da kafireto biyu, kowane ɗaya na ciyar da silinda biyu. Direba na iya sarrafa juyinsa daga wajen 300 zuwa 1,000 a minti, kuma motar tana kaiwa kimanin kilomita 75 a sa'a.

Ba kafireto kaɗai ya kawo wannan ci gaba ba. Kunna wuta da maganaɗisu ya maye gurbin bututun da ake gasawa da wuta, lagireto mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma ya inganta sanyaya inji, bawul ɗin shaƙa ya koma buɗewa da ƙarfin inji maimakon zuƙa. Sai dai duk waɗannan gyare-gyare suna jiran gauraye mai kyau ne kafin amfaninsu ya fito. Shekaru 15 kacal ke tsakanin motar Benz da wannan Mercedes.

Aibin da feshi ya zo da shi

Da direbobi suka samu damar taka totur yadda suke so, sai wata matsala ta fito fili. Jet guda ɗaya ba ya riƙe ma'auni a kowane gudu. Iska tana saki ta yi shara-shara idan zuƙa ta yi ƙarfi, saboda haka nauyin iskar da ke shiga ba ya ƙaruwa daidai da ƙarfin zuƙar. Mai kuwa ruwa ne, ba ya saki. Sakamakon haka, gwargwadon ƙaruwar gudun inji gwargwadon yadda mai ke rinjayar iska. A gudu kaɗan kuma, zuƙar ba ta isa ta ɗago man yadda ya kamata, sai inji ya mutu. Jet ɗin da aka saita don tafiyar sannu zai shaƙe inji a babban gudu, wanda aka saita don babban gudu kuma zai bar shi da yunwa a cikin gari.

Tsakanin 1902 da 1910 aka samu amsoshi uku, kuma kusan duk kafireton da aka ƙera bayan haka ɗaya daga cikinsu ya gada.

Amsa ta farko daga Arthur Krebs ta fito, tsohon hafsan sojan Faransa da ke shugabantar kamfanin Panhard. A 1902 ya sa wani bawul da ke buɗewa da kansa idan zuƙa ta yi ƙarfi, ya shigo da ƙarin iska ya tsarma gaurayen. Aikin da hannun direba ke yi a da, sai na'ura ta karɓe shi.

Amsa ta biyu ta François Baverey ce, wanda dabararsa ta kafa kamfanin Zenith a birnin Lyon. Ya ƙara jet na biyu da ke samun mai daga wata 'yar rijiya mai buɗaɗɗen baki, wadda mai ke ɗiga cikinta da ƙima ɗaya ko da yaya inji ke gudu. Idan iska ta ƙaru, rabon wannan jet ɗin yana raguwa, a daidai lokacin da na babban jet ke ƙaruwa. Kuskuren ɗaya yana share na ɗayan, kuma babu wani sashe mai motsi da zai lalace. Kamfanin Solex na Paris da wasunsa sun bi wata hanya mai kama da wannan, inda ake shigar da iska kaɗan cikin man tun kafin ya fita daga jet.

Amsa ta uku ta fito daga Ingila. Herbert Skinner, ɗan gidan masu sana'ar takalma, ya yi rajistar nasa kafireton a 1905, kuma shi da 'yan'uwansa suka kafa kamfanin SU a 1910. A nasa tsarin, faɗin maƙogwaron ne ke sauyawa. Zuƙar inji tana ɗaga wani ɗan fistan, hanyar iska ta faɗaɗa, kuma a tare da shi wata allura mai tsini tana fitowa daga cikin jet ta ƙara buɗe shi. Ta haka gudun iska a bakin jet ba ya sauyawa sosai, siffar allurar ce ke yanke yawan mai a kowane mataki. A samfuran farko, da ɗan zugazugin fata ake ɗaga fistan ɗin, abin da bai zo da mamaki ba ga mutanen da suka tashi cikin aikin fata.

Bayan waɗannan aka ƙara wasu ƙananan dabaru. An yi wata siririyar hanyar mai ta dabam, kusa da faifan totur, don inji ya ci gaba da juyawa yana tsaye. An sa cok, wani faifai a bakin shigar iska da ake rufewa da safe don mai ya yi yawa. A ƙarshen shekarun 1920 aka ƙara ɗan famfo da ke tsarta mai idan an taka totur farat ɗaya, domin iska ta fi mai saurin amsawa, kuma ba tare da shi ba inji kan yi shiru na ɗan lokaci kafin ya ɗauka.

Darasin Ford Model T

A Amurka, inda kamfanoni irin su Schebler da Kingston da Holley suka shahara, an fi mayar da hankali ga araha da sauƙin gyara. Motar Ford Model T, wadda aka fara sayarwa a 1908 aka kuma ƙera fiye da miliyan 15 zuwa 1927, tana da injin lita 2.9 mai ƙarfin doki 20 da kafireto marar rikitarwa. A gaban direba akwai wata 'yar sanda da ke haɗe da allurar mai, yana murɗa ta ya ƙara mai da safe, ya rage idan inji ya ɗumama. Ma'auni a kunnen direba yake.

Motar ba ta da famfon mai. A yawancin shekarun ƙera ta, tanki yana ƙarƙashin kujera ne, mai na gangarowa da kansa zuwa kafireto. A tudu mai tsayi, idan tanki ya yi ƙasa, kafireton kan koma sama da man, sai mota ta tsaya. Direbobi suka koyi juya ta su hau da baya.

Wannan ne ya sa kafireton motocin farko yake ƙasa da inji, yana tura gauraye sama. Da famfon mai ya yaɗu a ƙarshen shekarun 1920, aka samu damar ɗora shi a kan inji, gaurayen na gangarowa. Sai aka faɗaɗa hanyoyin shaƙa ba tare da tsoron ɗigon mai ya zube a hanya ba, inji ya samu numfashi, ƙarfinsa ya ƙaru.

Shi ma fetur ɗin ya sauya. Da motoci suka yi yawa, matatun mai suka shiga sarrafa mai nauyi don su ƙara yawan abin da suke fitarwa, musamman bayan dabarar fasa ɗanyen mai da zafi ta William Burton ta fara aiki a 1913. Irin wannan fetur ba zai yi aiki a tukunyar Benz ba. Feshi, tare da ɗumama bututun shaƙa da zafin salansa, shi ya sa injina suka iya cin sa.

Abin da ya kawar da shi, da inda ya rage

Duk da waɗannan gyare-gyare, kafireto bai san abin da ke faruwa a cikin silinda ba. Yana bin zuƙar iska ne kawai. A wuri mai tsayi, inda iska ba ta da nauyi, yakan ba da mai fiye da kima. Silindar da ke kusa da shi kan samu gauraye dabam da na wadda ke nesa.

Dokokin hayaƙi ne suka kawo ƙarshensa a mota. Bayan dokar tsaftar iska ta Amurka ta 1970, kamfanoni suka koma ga na'urar tace hayaƙi da ake sawa a salansa, wadda nau'inta mafi inganci ba ya aiki sosai sai gauraye ya tsaya daf da 14.7. Kamfanin Bosch ya riga ya fito da tsarin tsarta mai da lantarki ke sarrafawa a 1967, a motar Volkswagen 1600, sannan Volvo ya fara amfani da na'urar auna iskar oksijin a cikin hayaƙi a 1976. Da aka haɗa su da ƙaramar kwamfuta, inji ya samu damar gyara ma'auninsa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Zuwa farkon shekarun 1990, sababbin motoci a Amurka da Yammacin Turai sun rabu da kafireto.

A Najeriya, motocin Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da Volkswagen Beetle da aka harhaɗa a Legas, su ne makarantar da dubban makanikai suka koyi wanke jet da saita allura. Yau aikin ya fi yawa a babura da janaretoci da injinan ban-ruwa na fadama. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu janareta da dama sun sauya kafiretonsu da wanda ke iya aiki da gas, wato sun koma ga irin makamashin da injin Otto ya fara da shi.

Ƙa'idojin da suka wahalar da Maybach da Krebs su ne ke aiki a waɗannan injina. Ƙurar hunturu idan ta toshe matatar iska, mai ne zai rinjaya, inji ya riƙa shan fetur fiye da kima. Man da aka bari ya kwana watanni a ƙoƙo yakan bushe ya bar danƙo a cikin jet. Injin da aka saita a Legas zai nemi a sake duba shi a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku. Faɗaɗa ramin jet da waya don neman ƙarfi kuma yakan ƙare ne a baƙin hayaƙi.

Hayaƙin yana da haɗarin da ya wuce asarar kuɗi. Gauraye mai yawan mai yana ƙara fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa a rufaffen wuri. Ko injin da aka saita daidai yana fitar da ita, shi ya sa masana lafiya ke gargaɗin kada a kunna janareta a cikin ɗaki ko kusa da taga, komai kyawun saitinsa.